Muryar Mama a Ƙarshen Kaset

Zamanin mulkin soja ne, ina koyarwa a Kafanchan, kaina cike da kiɗan rap da haushin gwamnati. Ni da wani abokina Bafulatani mai busa sarewa muka haɗa kaset. Ba waƙa ba ce sosai. Kiɗa na tafiya, jirgin ƙasa na kuka daga nesa, ni kuma ina zuba magana a kai: shingayen sojoji, gidajen da aka ƙona, mutanen da aka kwashe ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Don kada a gane ni, cikin gwangwanin madara na yi maganar. Ni a dole ga mai wayo.

Ba mu da sabon kaset, sai na ɗauko wani tsoho a ɗakin Mama muka naɗa a kansa. Daga shi aka kwafi sauran. Cikinmu babu wanda ya saurare shi har ƙarshe.

A motar Kagarko na ji abin da muka yi. Direba ya saka kaset ɗin, na noƙe ina jin daɗi. Maganata ta ƙare, aka ɗan yi shiru, sai ga muryar Mama tangaran tana ba da waƙar zumuntar mata ta coci. Ashe ƙarshen bai goge ba.

Wata fasinja a baya ta ce, "Kai! Ba hedimasta na firamare namu ba ne wannan?"

Ta kuwa canka daidai. Mama ma'aikaciyar gwamnati ce, kuma duk mai zuwa coci a garinmu ya san muryarta. Na bi shagunan masu kaset ina roƙo a ba ni, amma ina! Ya riga ya kai har Zangon Kataf. Kullum na ji mota ta tsaya a ƙofarmu sai in leƙa in ga ko sojoji ne.

Kwana huɗu na yi kafin na iya gaya mata. Tana tsintar wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na ji shi tun ran Lahadi," in ji ta. "Abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma kai ka ɓoye murya naka, ka bar nawa a fili."

Ba wanda ya zo. Sai dai har shekarar ta ƙare, kullum za ta tafi makaranta ina ganinta tana cusa zane ɗaya da maganinta na hawan jini a jaka, ko da za a wuce da ita daga can.