Sawun da Ya Tsaya a Ƙofar Gidan Dagaci

Daga unguwar Panyu, inda nake haya a nan Caina, zuwa kasuwar Baima tafiya ce mai tsawo a jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma ni ba na iya barci a tsaye kamar 'yan Caina. Don haka nake kallon wani fim ɗin Indiya mai dogon zango a waya. Wani ɗan sanda ne ya tsinci tsohuwar oba-oba, yana kunnawa sai ya ji muryar wani ɗan sandan da ya yi aiki shekaru da yawa kafinsa, suka haɗu suna binciken laifin da aka rufe. Abokaina sun ce Indiyawa akwai ƙirƙira. Ni kuwa na riga na ji labarin nan a bakin kakata, Iya Yalwa, tun ban san me ake kira oba-oba ba.

Iya ƙuli-ƙuli take yi. Bayan magariba in ta sauke kasko, wutar murhun ba ta mutuwa da wuri, sai mu jikokinta mu kewaye ta muna jiran gutsattsarin da ya karye. Ni take fara tsokana.

"Maigida, ka zo hannu rabbana kuma? To zauna, cefanenka shi ne kunne."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ba ta wuce mako ba ta maimaita ba. Wani mai bin sawu ne, Jatau, ya je tsohuwar rijiyar bayan gari zai sha ruwa. Yana zura guga sai ya ji an yi masa sallama daga ƙasa. Mai maganar ya ce shi ma mai bin sawu ne, amma a zamaninsa yake magana, shekara arba'in baya. An sace bijimin dagaci, an kama wani manomi mai suna Tanko, an ɗaure shi a bainar jama'a, gobe za a kore shi daga garin.

Nan Iya takan ƙanƙantar da murya. "Ya ce, na bi sawun nan tun daga turke. Ɓarawon yana jan ƙafar hagu, Tanko kuwa lafiyarsa ƙalau. Sawun bai fita gari ba, a ƙofar gidan dagaci ya tsaya. Ni ba zan iya faɗa ba, ina da 'ya'ya. Kai ka faɗa, a zamaninka waɗanda ake tsoro sun mutu."

Sai ta nuna mu da muciya. "Wa ya saci bijimi?"

"Ba Tanko ba ne!" Mu haɗa baki har maƙwabta su ji.

Wanda bai ɗaga murya ba, babu ƙuli. Ni don ƙuli nake ihu. Abin da ban lura da shi ba sai da na girma, duk tatsuniyar da ta yi tana rufe ta da ƙurunƙus, ban da wannan. In ta gama sai kawai ta tura itace cikin wuta, ta ce a tashi a yi sallah.

Bara wani Alhaji Sabo ya zo daga Kano sarin kaya. Aikina ke nan, in raka 'yan kasuwa, in yi musu ciniki da masu shaguna, kuma samun babban kwastoma irinsa ba kullum ba ne. Mun wuni a Baima, mun sha "meyo, meyo", wato "babu, babu" da yarensu, a wajen masu kaya, muka zauna shan shayi a wani gidan abinci kusa da titin Liuhua Lu. A hira muka gano garinmu ɗaya. Shi jikan gidan dagaci ne. Ya tambaye ni gidanmu, na faɗa.

Ya yi dariya. "Au, jikan Yalwa ne kai? 'Yar Tanko ɓarawon bijimi? To Allah ya sa kayana su isa Kano."

Wasa yake yi. Amma ni ba wanda ya taɓa gaya mini sunan mahaifin Iya. A gidanmu ba a ambatonsa, mun dai san ya mutu a wata ƙasa tana ƙarama. Kafin in yi tunanin kwastoma, bakina ya riga ni.

"Ba Tanko ba ne, Alhaji."

"To wane ne?"

"Mai jan ƙafar hagu. Sawun a ƙofar gidan dagaci ya tsaya."

Ya ajiye kofin. Ni kuwa na riga na sallama cinikin.

"Baffana Garba," ya ce a hankali. "Da ɗingishi ya mutu. Allah ya jiƙan Malam Tanko."

Bai sake kirana ba, wani ya ƙarasa masa sarin. Na ji zafin hakan, ba zan ɓoye ba.

Iya ta rasu da daɗewa. Ba ta taɓa kai ƙara ba, ba ta taɓa zaunar da mu ta ce ga abin da aka yi wa ubanta ba. Wataƙila ta san manya za su ce a bar maganar, shi ya sa ta zaɓi yara masu kwaɗayin ƙuli, ta sa mana amsar a baki har ta zauna. Shekara da shekaru ina zaton ni mai sauraro ne kawai a gindin murhun nan. Ashe ita ce a ƙasan rijiyar, ni ne na zura guga.