Hoton Inna da Sunan da Yaya Ya Riƙe

Inna ta bar duniya ba ta bar hoto ba. In mai hoto ya shigo gidan biki, sai ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango har ya gama ya fita. Mu kuwa muna cewa tsoron Allah ne. Da shekaru sunka tura bayan rasuwarta, sai na lura fuskarta ta fara ɓace mini. Ina tuna muryarta, ina tuna kunnenta na hagu da ɗan kunne ya tsaga tun tana yarinya, amma in na rufe ido don in haɗa su wuri guda, sai abin ya ƙi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don abin kunya ne ɗiya ta mance fuskar uwarta.

Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Goronyo, aure ya kawo ni Wurno. Maigidana manomin albasa ne, ni kuma sana'ata fura. Hannuna ke dakawa, hannuna ke cura ta, kuma ba yabon kai ba, har daga wata unguwa ake aiko ƙwarya gidana. Karatu kuwa sai da na yaye autana na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ne har nake iya rubuta wannan.

Wata shekara bayan girbin gero, malamarmu ta ce wasu masu tattara tarihi sun zo daga birni da tsofaffin hotuna. Wai Turawan mishan ne sunka ɗauke su tun zamanin kakanni, sunka tafi da su ƙasarsu, anka ajiye a wata ma'ajiya, yanzu an samo kwafinsu. An manna su a ɗakin taro don mutane su zo su faɗi ko sun san wani. Ta ce mu je mu gwada karatunmu, don an rubuta bayani da Hausa ƙarƙashin kowanne.

Munka tafi muna raha. A gefena akwai maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, mace mai baki kamar reza. Munka ga hoton kasuwa, da na masunta a bakin gulbi, da na wani Bature bisa doki da hula kamar akushi. Ƙarƙashin kowane hoto an bar farar takarda, wata budurwa riƙe da biro tana jiran mai magana.

Can kusurwa na tsaya. Wata mata ce zaune bisa tabarma, hannuwanta duka naɗe da farin ƙyalle. A bayanta yarinya tsaye, ta ɗora ƙafa ɗaya bisa ƙaurin ɗayar, tana riƙe da kwano. Kunnenta na hagu a tsage. Fuskar kuwa ta babbar ɗiyata ce sak, kamar an ɗauko ta daga tsakar gidana an liƙa a bango.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Inna ce! Wallahi Inna ce!"

Budurwar ta taho da gudu, har da tafi. "Mama, kin tabbata? Alhamdu lillahi, yau mun samu ɗaya!" Ta miƙo mini biro, ta ce in na iya in rubuta da kaina. Na rubuta sunan Inna da na ƙauyenmu, harafi bayan harafi. Sai da na gama sannan na ɗaga ido ga bayanin da ke sama. Da ma ni mai karatu a hankali ce. Maƙwabciyata ta riga ni, kuma da ƙarfi ta karanta, yadda malama ta koya muna: "Mai ciwon kuturta da ɗiyarta, suna jiran magani a asibitin mishan."

Ta juyo ta dube ni, amma ba fuskata ta duba ba. Hannuwana ta duba.

Ba zan ce ban taɓa jin komi ba. Na san Kaka, wato uwar Inna, ta yi doguwar jinya can wajen Sakkwato, kuma ta rasu tun ba a haife ni ba. Na san Inna ce ta yi zaman jinyar. Iyakar abin da ake faɗi ke nan a gidanmu, in yaro ya ƙara tambaya sai a aike shi ɗibar ruwa. Kuma duk wanda ya san Inna ya san ta da ɗaurin ciwo. Takan tafasa ƙyalle da gishiri, ta wanke miki, ta naɗe shi tsaf kamar a asibiti. Da ta tsufa ta dawo wurina Wurno, rabin unguwarmu sun kawo mata ƙafa ko hannu. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ta koya.

Washegari ƙwaryar da ke zuwa gidana ta fara raguwa. Ba wanda ya ce mini komi. Wasu sunka ce azumin nafila suke, wasu sunka ce nono ya yi tsada. Da hantsi maƙwabciyata ta leƙo bisa katanga.

"Mai hura, an tashi lahiya? Ɗago hannun in ga lallen nan naki, jiya ban gani da kyau ba."

Na ce, "Ban sa lalle ba, kin sani."

"Awo, to idona ne. Na ga kamar wuri ya yi ja-ja. Ai abin shina tsallake ɗiya shi kama jika, haka tsohhi ka cewa."

Na ce, "Ranar da garma ta sare ƙafar maigidanki, wa ya ɗaure ta?"

"Ai da mun sani!" in ji ta, ta sauka tana dariya. Kafin kasuwa ta zagayo ta sayi sabon turmi ta fara fura.

Na tambayi wata ma'aikaciyar asibiti da ke sayen furata, ta ce ciwon ba gado ba ne, kuma yanzu ana warkewa sarai. Na gode mata. Ita ma daga ranar sai ta koma aiko da ludayinta daga gida.

Labari ya kai Rabah, inda yayana yake zaune, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a cikinmu. Sai ga shi bisa kabu-kabu da tsakar rana, ko ruwan da na kawo bai taɓa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Wa ya aike ki?"

"Yaya, ba wanda ya aike ni. Innarmu na gani."

"Innarki ke kaɗai? Mi kinka sani game da abin ga? Ƙauye guda Baba ya bari saboda maganar ga. Sai da waɗanda sunka sani sunka mutu ɗaya bayan ɗaya, magana ta kwanta. Ke kuma don kin koyi riƙon biro da tsufa, sai ki tono ta ki manna ga bango!"

"Ba ni na manna ba, Yaya."

"Ke kinka sa suna! Da hoton wata kuturwa ne da ba a san ta ba. Yanzu kuwa gidanmu ne, har da ƙauye. Ina da ɗiya mata cikin gida. In an zo binciken asali, mi za ni ce? Kuma gidan mishan! Kin san abin da mutane za su ƙara bisa?"

Ban ce ba shi da gaskiya ba, don na san yadda ake binciken aure a wurinmu. Tsohuwa guda ta isa ta ɓata magana da ɗaga gira kawai. Yaya ya ce gobe ne masu tattara tarihin za su kwashe kayansu, zai kwana a gidan abokinsa, da safe mu tafi tare in ce musu na yi kuskure, idona ne, a goge sunan. Na dubi maigidana. Ya ce, "Al'amarin gidanku ne," ya ɗauki fartanya ya nufi fadama.

Da safe munka tafi. Yaya ya ƙi shiga, ya tsaya ƙarƙashin dalbejiya a bakin ƙofa, wai ba zai haɗa ido da abin ba. A ciki an fara ciccire hotuna. Babbansu, wani mutum mai tabarau, yana zaune gaban kwamfuta. Budurwar ta nuna ni, ya miƙe da fara'a.

"Hajiya, ke ce? Kin taimaki tarihi ƙwarai."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, Malam. Tambaya gare ni. Wa ya ba ku izinin rataye tsohuwar nan?"

Ya ce ai hotunan tarihi ne, na kowa da kowa ne.

"Uwarka na ciki?"

Ya cire tabarau yana gogewa. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce masa wancan Baturen ya samu mace ba ta da lafiya, ba ta da hannun da za ta ja mayafi ta rufe fuska, ya ɗauke ta. To shi baƙo ne, ya ba da magani, Allah ya san niyyarsa. Amma ku 'yan ƙasa ne. Kun san abin da kalmar nan take yi wa gida, kunka fassara ta da Hausa, kunka rubuta da manyan baƙaƙe, kunka kira gari ya zo kallo. Na ce a ba ni hoton in tafi da shi.

Ya ce ko ya ba ni wannan, na asali yana can ƙasar waje, kuma duk mai waya yana iya ganinsa. Kwafi dai zai ba ni. Suna kuwa ba a riga an shigar ba, in ina so a cire, yanzu sai a cire, a mayar da shi yadda yake tun farko, a rubuta ba a san ko su wane ne ba.

Budurwar ta kawo takardar da biro. Yau ba tafi, kanta a ƙasa. "Mama, ki yi haƙuri. Ki ja layi bisa kawai."

Na riƙe biron na dubi yarinyar nan mai kwano. Ba ta kai shekarun autana ba. Ita ke ba uwarta abinci a baki, ita ke ɗaura mata zane, cikin baƙin mutane masu wani yare. Sai a lokacin na gane abin da ya sa take juya wa mai hoto baya. Wannan ya tsaya mini a rai, don wataƙila ita kanta da za ta ce in goge. Na daɗe a tsaye ina juya abin. Amma layin da ake so in ja, ma'anarsa in tsaya gaban mutane in ce wannan ba uwata ba ce. Na gwada faɗin haka a zuciyata, ya ƙi fita.

Sai na lura da wani abu. Sunan mutum ɗaya na rubuta, alhali mutum biyu ne a hoton. Tsohuwar da ke zaune ba ta da komi sai kalmar nan da anka liƙa mata. Na nemi sunanta a kaina na rasa. Kaka kawai muke cewa, Inna kuwa ba ta faɗin sunan uwarta.

Na fita wurin Yaya da biron a hannu.

"Kin goge?"

"Yaya, mi ne ne sunan Kaka?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ke, kanki ɗaya kuwa?"

"Kai ka san shi. Ka ji shi bakin Baba. Duk duniya ba sauran wanda ya sani sai kai."

"Na sani," in ji shi. "Kuma ba ni hwaɗi. Da shi za a rufe ni."

"To ni ma ba ni gogewa."

Ya tofar da yawu gefe, ya ce daga yau in nemi wani yayan cikin hotunan bango, tunda can dangina suke. Ya tare kabu-kabu ya hau, ko waiwaye bai yi ba. Na koma ciki na mayar wa budurwar bironta, na karɓi kwafina.

Furata ba ta koma yadda take ba. Masunta da 'yan kabu-kabu ne ke saye yanzu, su ba ruwansu da kakar kowa in yunwa ta taso. Maƙwabciyata ta kwashe sauran, ko da yake tata tsami take tun kafin azahar. 'Ya'yan Yaya mata, ɗaya ta yi aure, ba a gayyace ni ba. Ɗaya kuma an fasa nata, kuma an aiko an gaya mini cewa ni ce sanadi. Ban san gaskiyar wannan ba. Ta yiwu ni ce. Yarinyar ba ta yi mini komi ba, kuma ina tunaninta fiye da yadda ubanta zai yarda.

Hoton yana ɗakina, na sa masa gilashi, yana fuskantar ƙofa. Duk mai shigowa sai ya gaishe su ko ya kau da kai. A bayansa na rubuta sunan Inna, na bar wuri a sama.

Yaya ya tsufa ƙwarai, an ce ƙafa ta fara gagararsa. Kowace Sallah ina aika masa da fura da gaisuwa, da tambayar nan guda. Bana ma an dawo mini da ƙwaryar a rufe, ko faifan ba a ɗaga ba.