Robar Bayan Kasuwa

Yayata ba ta yarda da kowa ba, ni ce shaida, don ko gishiri na miƙa mata sai ta ɗanɗana kafin ta zuba. Shekara ashirin da biyu tana sayar da shinkafa da miya a ƙofar wani gareji, kanikawa suna ce mata Anti Ban-Yarda-Ba, tana amsawa ko a jikinta. Ba ta da gida, ba ta da mota. Abin da ta mallaka a duniya magana ɗaya ce: ba a taɓa samun wanda cikinsa ya ɓaci da abincinta ba. A kan wannan maganar sai ta ci ɗamara ta yi dambe da ƙato.

Ana nan sai aka hana robar zuba abinci, farar nan mai murfi da ake yarwa in an gama ci. Wani mai koriyar riga ya zagayo da samfurin sabuwa, yana ta zuba kamar rediyo, wai da masara aka yi ta, in an yar ruɓewa take yi ta koma ƙasa.

"Masara?" in ji Yaya, tana juya ta da yatsa biyu. "Ɗan nan, a cikin abin da yake ruɓewa zan zuba wa mutane abinci? In ya fara tun yana hannuna fa?"

"Ai sai an binne ta, Anti."

"Ita ta san an binne ta ne?"

Ta karɓi guda uku ta kawo gida, ranar ba mu huta ba. Ɗaya ta ƙona tana shinshina hayaƙin. Ɗaya ta miƙa wa akuyar maƙwabta, akuya ta kau da kai, Yaya ta ce kun gani ko, dabba ma ta fi mu wayo. Ta ukun ta binne a bayan kicin. Bayan sati shida ta tono ta, ga ta nan garau, ko ƙwarzane babu.

"Ƙarya tsagwaronta! Wanda ya yi ƙarya a kan ruɓewa, me zai hana shi ƙarya a kan masara?"

Na ce wataƙila sai an kai ta wurin da ake sarrafa shara. Ta ce ni tela ce, in ji da kekena.

Tsohuwar roba ta ɓace daga shaguna, amma ta ji labarin wani mutum a bayan kasuwa mai ragowar kaya tun kafin doka. Abin da yake ba ni haushi har yau ke nan: matar da ta titsiye mai koriyar riga har ya yi gumi ba ta yi wa wannan mutumin tambaya ko ɗaya ba. Ta jera sababbin na masara a kan tebur saboda 'yan duba-gari, tsofaffin da take sayowa a wurinsa kuma a ƙarƙashi cikin buhu. Da aka yi wata biyu na ce, "Yaya, wai ragowar nan ba ta ƙarewa ne?" Ta harare ni ta ce robar da ta sani shekara ashirin ba ni zan koya mata ba.

Wata Talata na je cin abincin rana a wurinta. Yaya ba ta rubutu, sai dai ta zana wa murfi alama da tsinin wuƙa. Akwai wani dattijo mai walda da likita ya hana gishiri, daban take dafa masa, shi kaɗai take yi wa alamar ƙafar kaza. Ta kwance ɗaurin da ta sayo da safen nan, ta zaro murfi, ta ɗaga wuƙa, sai hannun ya tsaya. Tuni ƙafar kazar tana jikin murfin, zanen hannunta. Dattijon kuwa kullum a idonta yake wurga robarsa cikin bolar bayan gareji.

Wallahi tausayinta ya kama ni. Na yi ƙasa da murya na ce mu zubar da buhun, ba wanda ya gani. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ƙwala wa shugaban gareji kira, a gaban kowa ta gaya masa daga bola ake tsinto robar a wanke a sayar mata.

"Haba Anti," in ji shi, "ai ba wanda ya yi ciwo. A bar maganar."

"Ka sani ne? Wata biyu ina ba ku abinci a kwanon shara. Wanda ya yi ta zagayawa a gidansa ya ji nauyin faɗa min, ta ina zan sani?"

Yanzu kowa da kwanonsa yake zuwa, wanda bai kawo ba ya ci a farantinta na ƙarfe. Satin da ya wuce wani baƙon direba ya tambaya cikin raha ko abincin ba ya ɓata ciki. Na gyara zama ina jiran ta taso masa. Ta ci gaba da zuba miya, kanta a sunkuye.

"Ban sani ba, malam," ta ce.