Haske mai awo ba ta yarda da bakin buhu

Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Filinge ya san Haske mai awo, kuma in ya hango ta tafe sai gabansa ya faɗi. Ba ta duba bakin buhu. Sai ta naɗe hannun riga ta zurma hannu har hammata, ta damƙo na ƙasa. Wani manomi ɗan garin Damana har yau ba ya gaishe ta, don a gaban surukinsa ta zaƙulo masa ƙaiƙayi da tsakuwa.

To, a hammatar nan ta fara jin kaluluwa, bayan wani ƙullutu da ta daɗe tana ɓoyewa a mama. Ɗiyarta Basiratu ta gano, ta sa ta mota sai asibitin Yamai, Haske na ta mita wai an raba ta da kasuwar Lahadi a banza.

Likitar wata matashiya ce, Lailatu. Ta ɗebi ɗan nama a ƙullutun aka auna. Ta ce sankara ce, kuma irin wadda maganin haɗiya ba ya kama ta, sai aiki da ƙarin ruwan maganin sankara kawai. Basiratu ta fashe da kuka. Haske kuwa tsoro ya kama ta sosai, amma bakin nan bai mutu ba. Ta dubi likitar.

"Ɗiyata, daga ina kika ɗebo?"

"Daga maman, Inna."

"Wanga na hammata hwa?"

"Ai shi ne ya yaɗu can."

"Kayya! Bakin buhu kika duba ke nan."

Basiratu ta ƙyafta mata ido, Haske ta yi kamar ba ta gani ba. Likita ta yi dariya. Ta ce gaskiya akan samu haka, wanda ya yaɗu ya saɓa da uwarsa, don haka in an yi aiki za ta sa a auna kowane daban. Ta tambaye ta ina ta koyi wannan.

"Shekara talatin ina cika buhu," in ji Haske. "Kina zaton na ƙasan nawa kamar na sama yake?"

"Inna!" in ji Basiratu.

"Mi? Ai likita ba a yi mata ƙarya."

Aka yi aiki, aka cire maman da kaluluwar. Ƙarin ruwa ya kakkaɓe mata gashi, ta rame har zobe na zamewa. Ta daina tsokanar masu jinya, abin da ya fi komai tayar wa Basiratu hankali.

Ranar da suka koma, likita ta buɗe takarda ta ce na hammatar ya fito daban, shi maganin haɗiya yana kama shi. Ba waraka ta yi alkawari ba, amma an samu abin ƙarawa. Ƙwaya ɗaya kullum, shekara biyar.

Haske ta ɗago kai. "Nawa kika ce?"

"Biyar, Inna. Kar ki tsallake ko kwana ɗaya."

"Shekara, ko wata?"

"Shekara."

Ita da tun daga Filinge ba ta sa ran ganin kaka mai zuwa ba. Ta riƙe kwalin da hannu biyu, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Sake hwaɗi," ta ce. "Basiratu ba ta ji ba."