Wa Ke Shanye Gwaten Maigida?

Shekarar da likita ya ce jinin maigidana ya hau, ni na fi shi shan wahala. Shi sauraro kawai ya yi ya gyaɗa kai, ni kuwa aka bar ni da tukunya. A rage gishiri, a rage mai, a rage dunƙule, a yawaita ganye. Faɗarsa a ofishin likita ba wuya. Amma mutumin da nake aure, in miya ba ta yi ja tana ƙyalli ba, ruwan wanke-wanke yake kiranta.

A unguwar Dilimi a Jos muke zaune da yaranmu, shi kuma yana da rumfa a kasuwar Katako, inda yake sayar da katakon rufi. Lokacin komai ya yi tsada, nama sai dai mu gaisa da shi daga nesa. Sai na ce a raina, ashe ma abin ya zo da sauƙi, tunda abin da aka hana shi dama neman gagarar mu yake yi.

Ranar farko miyar kuɓewa na yi, gishiri ɗan kaɗan, mai kuwa ko ɗigo. Ya kai loma ɗaya, ya ajiye hannu, ya dube ni.

"Wa ya rasu?"

"Ban gane ba, Maigida."

"Na ga miyar tana zaman makoki ne."

Yara suka fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Washegari na kai kukana wurin wata dattijuwa da nake sayen kabeji da karas a hannunta, Mama muke ce mata, 'yar garin Kuru ce, kullum da rigar sanyi a kan zaninta. Ta saurare ni tana ɓare ganyen kabeji, sannan ta ce, "Yarinya na, ka yi masa gwate. Mu da shi muka girma. Babana har ya tsufa yana hawa dutse da ƙafa."

Ta koya mini a tsaye. A dafa acca ruwa-ruwa, a zuba yakuwa da alayyafo da gauta da albasa, a daka gyaɗa kaɗan, in akwai busasshen kifi a marmasa. Ba ruwansa da mai. Ta ƙara da cewa in riƙa zuwa da yamma, lokacin da masu ganye ke neman rabuwa da kayansu su tafi gida.

Abu ɗaya ta manta ba ta faɗa mini ba, ko kuma ta ɗauka duk wadda ta girma a Jos ta sani: acca da yashi tare suke zuwa. Na ɗauraye ta kamar shinkafa na zuba. Da muka zauna ci, ba ka jin komai a ɗakin sai ƙaras-ƙaras. Maigida ya tauna a hankali, ya haɗiye da ƙyar, ya ce, "Uwargida, likita cewa ya yi a rage gishiri. Ban ji inda ya ce a ƙara yashi ba."

Na koma wurin Mama. Sai da ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ari ƙwarya biyu ta nuna mini yadda ake rairaya, daga wannan zuwa waccan, har yashin ya kwanta a ƙasa. Daga nan hannuna ya faɗa. Na gano daddawa da citta da tafarnuwa suna rufe bakin mai neman dunƙule. Yara ma suka fara miƙo kwano a ƙara musu.

Saura abincin rana, don na san masu abinci a Katako ba su san wani likita ba. Sai na fara cika masa kula da gwate kowace safiya. Da farko yana ɗaukarta kamar an ba shi gawa. Amma ba a daɗe ba kular ta fara dawowa fayau, kamar an lashe. Har cewa yake, "Gobe ki ɗan ƙara, akwai aiki." Daɗi ya cika ni, har ina ba maƙwabta labari.

Sai dai duk zuwa asibiti, jini yana nan inda yake. Tumbi ma ko gezau. Kuma yakan dawo leɓensa na sheƙi. Da na tambaya, ya ce man shafawa ne, sanyin garin nan yana fasa masa baki. Na yarda. Na ma ƙara rage gishirin dare.

Wata Lahadi da rana, yana kwance a ɗaki, Keke Napep ya tsaya a ƙofar gidanmu. Wata mata ta shigo da ƙaton ɗaurin kai na zuwa coci, hannunta ɗauke da doya da abarba.

"Kai ne matan oga mai katako?"

"Ni ce."

Kafin in ce ta zauna ta rungume ni. Ashe Inyamura ce, mijinta ke sayar da ƙusa da fenti a rumfar da ke jikin ta maigidana. Ta ce mijin nata yana da ciwon suga, ta yi fama da shi har ta gaji. In ta dafa masa ganye sai ya ce shi ba akuya ba ne, don haka ta haƙura tana ba shi abin da yake so. Kwatsam sai wandonsa ya fara saɓulewa, likitansa yana yaba masa. Ita kuwa hankalinta ya tashi, ta ce lallai akwai wata mata da ke ciyar da shi. Ta tsare shi har ya faɗi gaskiya.

"Ashe kai ne matan! Gwate naka ne ya gyara shi. Allah ya yi maka albarka!"

 Na ce, "Madam, to shi nawa me yake ci?"

"Na mijina mana. Soyayyen doya da ƙwai, shinkafa da miyan manja, soyayyen ayaba. Suna canji ne. Oga yana son hannuna sosai."

A daidai nan wani irin munshari ya taso daga ɗaki. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ya yi munshari da rana ba, balle mai ƙarfin wannan.

Na ja Madam kicin, na saka ƙofa. Na ɗauko ƙwarya biyu na koya mata wankin acca, muna magana ƙasa-ƙasa. Da ta tafi na hau fere abarbar. Ya fito yana miƙa, yana satar kallona, yana jiran faɗa. Na ajiye masa abarba a faranti.

Da safe na miƙa masa kularsa da murmushi. Daga baya shi da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya ce ya daure har azahar, yana ta yi wa kansa nasiha. Amma da ya hango kular maƙwabcinsa a kan benci, zuciya ta ci ƙarfinsa, suka yi musaya kamar kullum. Ya wanke hannu, ya gyara zama, ya buɗe.

Gwate.

Ya leƙa ta hannun abokinsa, ita ma gwate. Suka dubi juna. Abokin ya sa cokali yana sha hankali kwance, don shi ba abin da ya rasa.

Da yamma ya shigo ya dire kula a gabana.

"Wato kun haɗa kai."

"Yaya hannun Madam yau?"

Ya ce, "Nata yaji ya yi yawa. Gobe kowa ya sha nasa."

Haka aka yi. Da gwaten, da wake da nake haɗawa da kabeji, da maganin da yake sha, a hankali jinin ya sauka. Ni da Madam muka zama abokan cefane, tare muke zuwa wurin Mama da yamma mu raba kwandon ganye.

Yanzu duk wanda ya je sayen katako ya kuskura ya ce kansa na ciwo, ya shiga uku. Maigida zai zaunar da shi a benci ya yi masa wa'azin acca da illar mai, ya ƙare da cewa shi ne ya kawo wannan tsarin a gidansa, da ƙyar ma iyali suka yarda.