Gurguwar da Ake Goyawa

Shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya ja babbar motarsa daga Maigatari zuwa Damagaram ɗauko kanwa, ya ce mana kwana huɗu zai yi. Aka yi tara babu shi babu dalilinsa. Lokacin ba wayar hannu, sai bakin mutane, bakin kuwa ya yi aiki. Da safe mai kawo mana nono ta ce wai wata mota ta kife bayan Magarya. Kafin azahar motar ta zama ta Baba, kafin la'asar har an ƙirga gawa.

Na kasa zaune na kasa tsaye. In leƙa zaure, in dawo, in ɗare katanga, in diro. Mahaifiyata ta shige ɗaki ta ƙi abinci. Iya kuwa, wadda ta haifi Baba, ana idar da magariba ta hura murhu kamar kullum, ta ɗora gyaɗa a kasko, ta ce in zo in zauna, ita ba ta auren miji mai ƙaiƙayin ƙafa. Wallahi haushinta na ji. Ɗanki ake cewa ya mutu, ke kina ta tatsuniya!

Ta ce ga ta nan. Na amsa da ƙyar, ta zo mu ji ta.

"Yawwa, ka kira sunanta," in ji Iya. "Ji-ta-ji-ta ake ce mata."

Wai gurguwa ce, ba ta iya ko taku ɗaya, sai wanda ya saurare ta ya goya ta zuwa gidan gaba. Duk gidan da aka sauke ta sai an ba ta loma, don haka kullum ƙiba take ƙarawa. Tana da wa mai suna Gani, shi da ƙafarsa yake tafiya, sannu-sannu, kullum ita ke riga shi shiga gari. Rannan aka goyo ta wani gari, ta ce ayarin fatakensu ya halaka, aka shiga koke-koke.

Nan Iya ta katse tatsuniyar. Na matsa mata, ayarin ya halaka ko bai halaka ba? Ta ce Gani bai iso ba tukuna. Sai ƙauri ya buge ni: gyaɗar ta ƙone ƙurmus, muciya na hannunta ba ta juya ba. Tun da nake ban taɓa ganin Iya ta ƙona gyaɗa ba. Ta tashi ba ta rufe tatsuniyar ba.

Ranar Alhamis, kasuwa na ci, aka sauke Baba a ƙofar gida, hannunsa ɗaure da karan ɗori. Motar ta kife da gaske, amma ba wanda ya mutu. Iya ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta waiwayo ni ta ce, "Ƙurunƙus." Sannan ta fashe da kuka.

Bayan shekaru na sa labarin nan a littafi. Mai duba mini rubutu ya ja wa ji-ta-ji-ta jan biro, wai kalmar kasuwa ce, in rubuta labarin da ba a tabbatar ba. Na ce masa ko kusa. Wancan ba ya da baki, ba a goya shi, ba ya ƙiba. Ita kuwa na san ta, ta kwana biyu a gidanmu, har ta sa tsohuwa ta ƙona gyaɗa.