Mai Bula da Dutsen Sama

A bakin rafin nan babu wanda bai san Mai Bula ba. Wanki ne sana'arta, sunan kuma ya samo asali ne daga bular da take sa wa fararen kaya, wadda ta zauna mata a ƙarƙashin farce ta ƙi fita. Doguwa ce, busasshiya kamar sandar shanya. In ta buɗe baki tana faɗa, wanda ke tsallaken ruwa ma sai ya sami rabonsa.

Masu wankin rafin suna da tsarinsu, wanda baƙo ba zai lura da shi ba. Duwatsun wanki a jere suke, suna bin gangaren ruwa. Dutsen sama na fararen kaya ne, don shi ruwa ke fara iskewa da tsabtarsa. Na tsakiya na kayan launi ne. Na ƙasa kuwa, can inda kumfar kowa ke taruwa, nan ake dirje kayan makanikai da buhuna da tsummokaran jarirai. Ba a tsallake layi. Mace ba ta matsawa gaba sai ta samanta ta mutu, ko gwiwa ta zaunar da ita a gida.

Tana 'yar budurwa gwaggonta ta kawo ta, ta ajiye ta a dutsen ƙasa, ta ce ta koyi haƙuri a nan. Haƙurin dai bai shige ta ba, amma wankin ya shiga. A lokacin ruwan garau yake. An ce wata rana ɗankunnen gwaggon ya faɗa, suka tsaya suna kallonsa yana ƙyalli a kan yashi, ruwa har cinya. Can sama da su akwai madatsar da ake tara wa gari ruwan sha, mai gadin wurin yana buɗe ƙofa a kai a kai, rafin bai taɓa yin shiru ba. Duk abin da aka zuba masa ya kwashe ya tafi da shi. Shi ya sa masu wanki suke da maganarsu, wai ruwa mai gudu ba ya riƙe datti.

A nan ta yi aure, a nan ta haihu, a nan aka zo aka gaya mata mijinta ya faɗi a wurin dako bai tashi ba. Da dirza da matsa ta raini 'ya'yanta. Autansu, namiji ɗaya tilo, a bayanta ya girma, yana rausaya duk lokacin da ta buga zani a kan dutse. Da ya fara wayo ya taɓa tambayarta ina kumfar nan take zuwa. Ta ce masa ruwa mai gudu ba ya riƙe datti, ya tashi ya miƙo mata sabulu.

Tana ta hawa dutse bayan dutse, rafin shi kuma yana ta ramewa. Damina ta canza hali kamar mai ciwon kai. Sai ta makara har a fid da rai, sannan ta zo ta juye ruwan wata guda a yini ɗaya, ta kankare takin gonaki da sharar unguwanni ta tura cikin madatsa, ta ɗauke ƙafa. Zafi kuma ya daɗa tsawo. Ruwan madatsar ya ja da baya ya bar laka tana tsattsagewa, wanda ya rage ya yi kore shar da gansakuka, kifi na tasowa ciki sama. Mai gadi ya daina buɗe ƙofa sai jefi-jefi, ya ce wanda za a sha ma bai isa ba. Rafin ya koma siriri kamar igiyar guga. Gidaje kuma suka tsiro a gefensa, dukkansu sun juya masa baya, kowanne da bututun kwatarsa.

A wannan hali dutsen sama ya zo hannun Mai Bula, furfura ta riga ta cinye mata kai. Da wata ce, da sai ta ce an ba ta ƙashi bayan an cinye naman. Ita kuwa ta hau ta zauna daram. Ta haƙa rami a cikin yashi kusa da dutsen, ruwa na tsattsafowa a tace, da shi take ɗauraya. Wani ƙaramin asibiti yana aiko mata zannuwan gado, masu fararen riguna na kawo nasu. In ta yi shanya, sai ka kare ido.

Sai Auta ya buɗe wurin wankin mota da juyen baƙin mai, ɗan sama kaɗan da dutsenta. Ta yi murna, ta sa masa albarka, har da ba shi babban bokitinta. Ya shafe filin da siminti, ya ja bututu daga tsakiya ya zuro bakinsa cikin rafi. Ta ga bututun da idonta, ta kau da kai. Ai haka kowa ke yi.

Ba a daɗe ba, wata safiya ta ga ruwan raminta yana walƙiya kala-kala kamar wuyan tantabara. Ta tsoma zanin gado, ta ɗago, ga zane-zanen baƙi sun kwanta a kai. Ta ƙara sabulu, ta dirje har hannunta ya yi jini, tabon ya ce yana nan. Matar da ke karɓar wanki a asibitin ta dawo mata da zannuwan, ta ce cikin ladabi in aka sake samun haka za su nemi wani wuri. Mai Bula ta san abin da hakan ke nufi. In fararen kaya suka bar hannunta, ba ta da hujjar zama a dutsen sama, kuma ba ta ga ranar da za ta koma dirje buhu ba.

Mai riƙe da dutsen ƙasa wata ce da ake kira Gajera, bakinta bai fi na Mai Bula sanyi ba. Ta hauro ta duba zanin, ta jinjina kai kamar mai ta'aziyya.

"Ashe wanzami ba ya son jarfa, Yaya. Mu da muke shan kumfarki tun ina da haƙora, wa muka kai wa ƙara?"

Mai Bula ta ce mata ta koma ƙasa inda Allah ya ajiye ta. Amma maganar ta zauna mata kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Da yamma Auta ya zo gaishe ta, ta shimfiɗa masa zanin a gabansa maimakon tabarma. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya shiga lallashi. Ya ce ai ta tsufa da tsayuwa cikin ruwa, ta zauna a gida, ci da sha da sutura duk a wuyansa. Ya ce ba shi kaɗai ke da bututu ba, ta ɗaga kai ta duba gidajen sama. Daga ƙarshe sai ya jawo abin da yake ganin zai kashe maganar.

"Inna, ke fa kika koya mini. Ruwa mai gudu ba ya riƙe datti."

"Lokacin yana gudu," in ji ta. "Je ka duba shi yanzu, ko rarrafe yana yi? Kuma ban haife ka don ka sauke ni daga dutsena ba."

Ya ce zai duba. Ta san irin wannan dubawar, irin ta ubansa ce, ba ta ƙarewa.

Ta ba shi kwanaki, bututu na ta amai. Ran nan da hantsi, kowa na gani, ta ɗauko ƙullin tsummokara da sandar shanya ta nufi bakin bututun. Mai wanki ba ta rasa tsumma. Abin da ta tara tun tana budurwa ya isa ya toshe rijiya. Ta cusa, ta danna da sanda, ta ƙara cusawa, ta kawo laka ta liƙe. Ta wanke hannu ta koma bakin aikinta.

Kafin azahar ruwan ya koma inda ya fito. Filin Auta ya cika da baƙin ruwa, motocin mutane na tsaye a ciki, masu su na tattare wando suna tsalle kamar 'yan kaji a kan garwashi. Auta ya sauko ya zare tsummokaran. Washegari ta mayar. Ya zare, ta mayar. Ya sa waya ya ɗaure bakin bututun, ta zo da almakashin maƙwabci.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce tsohuwa ta tozarta ɗanta a gaban abokan cinikinsa. 'Ya'yanta mata suka zo suna roƙo, suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ba ta yanke ba, wankewa take yi, kuma wanki sai da dirza. Auta ya ɗauke ƙafa daga gidanta. Wannan ya yi mata ciwo fiye da yadda ta bari a gani. Takan dafa abinci da rabonsa, ya huce a rufe. Da gari ya waye kuma sai ta ɗauki sandarta.

Shi ya fara gajiya. Ba wai ya yarda tana da gaskiya ba, masu motoci ne suka fara canza hanya. Ya sa aka haƙa babban rami a bayan filinsa, nesa da rafi, aka cika da duwatsu da yashi, aka juya bututun can. Baƙin man kuma ya koma tara shi a durom, masu saye suna zuwa ɗauka. Ranar da aka gama ya sauko bakin ruwa, ya tsaya daga nesa, ya gaishe ta yana kallon ƙasa. Ta amsa kamar jiya suka rabu, ta ce ya kama mata bakin zani su matse.

Gajera ba ta bari an sha iska ba. Ta ce to an gama da na ɗa, saura kumfar uwa. Mai Bula ta zage ta tas, tun daga tsawonta har dangin mijinta. Washegari kuma aka ga tana wanki a cikin baho, tana ɗaukar ruwan sabulun a bokiti, tana ɗingisawa har can kan tudu ta zubar a yashi. Ta ce ba don Gajera take yi ba, don kada a sake samun bakin yi mata gori ne. Na tsakiya suka yi gunaguni wai su ma za a ja musu ɗaukar bokiti, Mai Bula ta ce duk wadda aka ga kumfarta a ruwa za ta san tsumma ba bututu kaɗai yake toshewa ba.

Rafin bai koma yadda yake ba. In mai gadi ya buɗe ƙofa, kore yake zuwa da warinsa, sai a jira ya wuce. Damina ma ba ta nemi shawarar kowa ba. Amma ramin yashin ya daina walƙiya, zannuwan asibiti suka ci gaba da zuwa, suka sake haskawa a kan igiya.

Ta gama shanya wata safiya, ta tsaya tana kallon sama, inda bututun gidajen nan ke jere suna ɗiga. Ta ɗaure ƙullin tsumma ta aza a ka, ta ɗauki sanda. Gajera ta ɗaga murya daga ƙasa, ta ce in masu gidajen suka karya mata ƙafa, wa zai gaji dutsen?

"Ki taɓa shi ki gani," in ji Mai Bula, ta kama hanya.